Baƙuwar Ɗakin Wanke Hoto

Jifan farko ya faɗo ne bayan an idar da sallar magariba, lokacin da masu dawowa daga masallaci suka gama shigewa gidajensu, layin ya yi tsit. A gidan Ba Madu Mai Hoto da ke unguwar Bolori a Maiduguri babu abin da ya bambanta wannan yammar da sauran. Matarsa, Ya Hussainatu, tana durƙushe a bakin kicin tana zuba turaren wuta a kasko. Shi kuma yana zaune a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ya miƙe ƙafafunsa da ke kumbura in ya daɗe a tsaye, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa, ba ya ma sauraro. Sai wani abu ya bugi kwanon rufin ɗakin baya, ya gangaro a hankali, ya faɗo tsakar gida.

Madu ya ɗaga kai ya dubi katanga. Ya ce, "Yaran maƙwabta ne."

Ya Hussainatu ta tashi daga bakin kicin. Ta je ta ɗauko abin ta kawo masa. Ba dutse ba ne, dunƙulen baƙar laka ce busasshiya, irin ta fadama, da ɓuntun shinkafa manne a jikinta. Madu ya juya ta a hannunsa. Duk Bolori yashi ne, babu inda yaro zai samo irin wannan ƙasa. Kafin ya ce wani abu na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya, duk a kan rufin ɗakin nan guda. Da aka kira sallar isha'i sai jifan ya tsaya.

Madu ya haura shekara sittin. A zamaninsa babu gidan biki a Bolori da Umarari da bai shiga da kyamara rataye a wuya ba. An san shi ne da hoton dare. Daren wushe-wushe, lokacin da dangin ango ke zuwa gidan amarya da ganga da algaita, shi ake nema, domin shi ya san yadda ake lallaɓa hasken fitila ɗaya ya ishi fuska goma. Yakan ce wa mutane kada su motsa, ya riƙe numfashinsa, ya danna. Daga nan ya koma gida ya shiga ɗakin baya, wanda ya toshe tagarsa da bulo ya rataya baƙin labule a ƙofarsa, ya kunna jan ƙwan fitila, ya yi ta kaɗa takarda cikin ruwan magani har fuskoki su fito. Idan amarya tana da tabo a kumatu, da fensir mai tsini yake bin fim ɗin yana rufe shi, aikin da kan ci masa yini.

Sai fim ya ƙare a kasuwa. Sai aka daina zuwa shagonsa in ba don fasfo ba. Ya sa kwaɗo a ɗakin baya, ya jefa makullin cikin gwangwanin allura na matarsa, shekaru suka wuce babu wanda ya buɗe.

'Yarsu Munawwara ce ta gaji sana'ar, amma ba da kayansa ba. Ta gama kwaleji aiki bai samu ba, sai ta fara bin bukukuwa da waya. Ita da ƙawarta Gloria suke tafiya, Gloria ta yi wa amarya kwalliya, Munawwara ta ɗauki hoto. Wayar da ta saya daga baya tana da wani tsari na ɗaukar hoto cikin duhu. Mutum zai riƙe ta cak na ɗan lokaci, ita kuma ta tattaro ɗan hasken da ke wurin ta fito da dare kamar hantsi. Kafin dangin ango su koma gida ta riga ta gyara hotunan da yatsa, ta share ƙuraje, ta ƙara wa lafaya launi, ta tura musu. Da wannan ake cefane a gidan. Madu ya sani, ba ya kuma faɗa. Ta taɓa nuna masa wani hoton da ta ɗauka a tsakar gida babu ko fitila. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa mata wayar.

Ya ce, "Ya yi kyau. Amma bangon nan ba haka yake ba. Abin da ba ta gani ba, ƙarasawa take yi da ka."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, mutane haka suke so."

Ya ce, "Na sani."

Washegari da magariba jifan ya dawo. Haka ma rana ta uku. Madu ya zagaya bayan gida da tocila bai ga kowa ba. Maƙwabcinsa ya hau katanga ya zauna tun kafin rana ta faɗi, ya sauko yana cewa shi dai bai ga hannun da ke jifa ba, dunƙulen laka kawai yake gani yana saukowa daga sama, a hankali, kamar ana ajiye shi. Ya Hussainatu ta riƙa share lakar tana tarawa a bayan randa. Ba ta son zubar da ita, ba ta kuma son ganinta.

Bayan jifa sai murya. Ya Hussainatu ce ta fara ji, tana alwala kusa da ɗakin baya. Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, irin wadda ake lallashin yaro mara lafiya da ita. Ba a jin kalmomin. Wani lokaci kuma sai tari, tarin ƙaramin yaro, daga bayan ƙofar da kwaɗonta ya yi tsatsa. Gidan ya koma cin abinci tun la'asar. Da rana ta yi ja kowa sai ya shige ɗaki, a rufe ƙofa, a zauna ana sauraron rufi har a kira isha'i.

Munawwara ce kaɗai ba ta ce komai ba a kan abin. Ta daina dariya, ta daina fita aiki. Gloria ta yi ta kira ba ta ɗauka. Sai ta fara barci. Ta kwanta da safe ta kai azahar, a tashe ta ta yi salla ta koma. Idanunta suka faɗa. Abin da ya fi tayar wa uwar hankali shi ne yadda ta tsani haske. Ta rataya zannuwa a tagar ɗakinta. In an kunna fitila sai ta rufe fuska da hannu biyu ta juya ga bango. Wata yamma Ya Hussainatu ta same ta tsugune a ƙofar ɗakin baya, ta jingina goshinta da katakon, tana rera wani abu da muryar da ba tata ba.

Uwar ta ce, "Munawwara. Tashi, 'yata."

Yarinyar ta juyo a hankali ta dube ta kamar baƙuwa. Ta ce, "Ku rage magana. Yanzu ya samu barci."

Suka kai ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka auna, aka ce ba a ga komai ba sai ƙarancin jini kaɗan da gajiya. Aka ba su magani suka dawo. Madu ya yi ta karanta abin da ya sani yana tofawa a ruwa. Ya rame shi ma. Mutanen garin nan sun ga abubuwa da yawa a shekarun baya, sun kwana cikin ƙarar bindiga, sun binne na binnewa, har tsoro ya zame musu kamar ciwon baya, ana yawo da shi. Madu ba firgita ya yi ba. Gajiya ya yi, irin wadda mutum kan zauna ya rasa ƙarfin tashi.

Gloria ce ta zo da bakin zaren. Ta shigo wata la'asar, ta durƙusa ta gaishe su, ta leƙa ƙawarta, ta fito idonta da hawaye. Ta zauna a gefen tabarma tana murza wayarta.

Ta ce, "Baba, akwai abin da ya kamata ku gani. Na zata ta faɗa muku."

Ta ba da labari. Makonni kaɗan da suka wuce, ranar da Madu da matarsa suka tafi ta'aziyya Umarari, su biyu suna gida suna gardama a kan ko wayar za ta iya gani a inda babu haske ko kaɗan. Munawwara ta ce akwai ɗakin da ya fi ko'ina duhu a Maiduguri. Ta ɗauko makulli daga gwangwanin allura. Ba su ma shiga ba, a bakin ƙofa ta tsaya ta ɗaga labule ta miƙa hannu ciki, ta riƙe wayar cak. Da hoton ya fito sai ga tebur da tirorin wanke hoto da igiyar shanya hotuna. A kusurwa kuma wani abu kamar mutum a zaune, da wani ƙarami kwance a cinyarsa.

Gloria ta ce, "Da farko inuwa ce kawai, Baba. Ita ta yi ta ƙara haske, tana jan nan tana jan can, har fuska ta fito. Muka yi ta dariya. Ta sa a sitatus ta rubuta wai ga mai gadin ɗakin Baba. Ni ma na tura guruf ɗinmu na masu kwalliya."

Ta miƙa masa wayar. Madu ya sa tabarau. Mace ce a zaune, kanta babu ɗankwali, furfura a warwatse. Amma fuskar sumul take kamar ta amarya, da ido manya masu ƙyalli da leɓe mai ja. Fuskar ba ta dace da kan ba, ba ta dace da ƙasusuwan hannun da ke dafe da yaron ba. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ina hoton ya kai yanzu?"

Gloria ta sunkuyar da kai. "Jiya wata 'yar'uwata ta turo min shi daga Biu. Ba ta san daga wajenmu ya fito ba."

Ya Hussainatu ta tashi ta ɗauki mayafinta. Ta ce, "Zan je in kira Goni Yunus."

Goni Yunus ba ɗan unguwar ba ne. Rikicin shekarun baya ne ya koro shi daga wani ƙaramin ƙauye da ke can bayan Zabarmari, ya zo ya raɓa a wani ɗaki kusa da masallacin layin, yana karantar da manya bayan asuba. Dogo ne siriri, mai magana kaɗan, rigarsa ta koɗe amma kullum a wanke. Ba ya buga ƙasa, ba ya karɓar zakara ko ɗan akuya. Alƙur'ani kawai yake karantawa, shi ma sai an matsa masa, domin yakan ce aikin yana cin jiki.

Ya zo kafin magariba. Ya yi sallama, Madu ya marabce shi da Kanuri ya ce, "Wushe, Goni, lale." Aka shimfiɗa masa buzu. Ya nemi a nuna masa abin da ake jifa da shi. Ya Hussainatu ta kawo dunƙule ɗaya daga bayan randa. Goni ya murƙushe gefensa da yatsa, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya ajiye shi a gefen buzun a hankali, ya ce a fito da yarinyar.

Suka yi salla a tsakar gida. Da suka idar gari ya yi wannan launi da ba rana ba dare ba. Uwar da Gloria suka riƙo Munawwara suka zaunar da ita a tabarma, suka rufa mata mayafi. Goni ya ce kada a kunna fitila. Ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, muryarsa a kwance kamar mai tafiyar nesa. Babu jifa a wannan yammar. Iska ta tsaya, ganyen dogon yaro ko motsi. Ya daɗe yana karatu kafin jikin yarinyar ya fara rawa. Bayanta ya lanƙwashe, kafaɗunta suka zube, hannayenta suka dunƙule a cinya, har wanda ya gan ta daga nesa zai rantse tsohuwa ce.

Muryar ta fito daga ƙarƙashin mayafin. Ta ce, "Ya isa, Malam. Ina ji. Ba sai ka ƙona ni ba."

Goni ya tsaya. Ya ce, "Musulma ce ke?"

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To kin san abin da kika yi zalunci ne."

"Na sani."

Ya Hussainatu ta damƙe hannun Gloria. Goni ya ce ta faɗi abin da ya kawo ta.

Muryar ta yi magana a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Ta ce a wata tsamiya take da zama a bakin fadama, ita da danginta, tun ba a fara noman shinkafa a wurin ba. Da aka fara harbe-harbe suka jure. Da mutane suka gudu suka jure. Sai masu neman itace suka zo suka sare tsamiyar. Danginta suka watse, ta rasa inda suka yi, ya rage daga ita sai jikanta mai ciwon ƙirji. Suka koma wata tsohuwar rijiya, aka cike ta. Suka shigo gari suka samu wani kango, ba a daɗe ba 'yan gudun hijira suka cika shi da yara da hayaƙi, ta bar musu domin sun fi ta buƙata. Suka zauna ƙarƙashin gada, aka kafa fitilun sola masu ci har asuba.

Ta ce, "Garinku babu sauran duhu. Kowane lungu da fitila, kowane hannu da fitila. Sai na samu ɗakin wannan bawan Allah. Shekaru muna ciki. Mun taɓa muku ko cokali?"

Madu ya ce, "Ba ku taɓa ba."

"Ina zaune a ɗakina, kaina a buɗe, ina jinyar yaro. Sai aka miƙo hannu aka ɗauke ni. Ban ji sallama ba. Tun daga ranar, duk wanda ya buɗe hoton nan a wayarsa, ji nake kamar an yaye labule a kaina. Da safe, da rana, a garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Suna dariya. Yaron ya daina barci, ni ma na daina. Na yi jifa don ku gane, da ƙasar garinmu, ita kaɗai na taho da ita. Ba ku gane ba."

Goni ya ce, "Shi ne kika shige jikin yarinyar nan."

"Wurin kwana na nema. A cikin mutum akwai duhu. Ban yi niyyar daɗewa ba."

"Kin ga yadda kika mayar da ita?"

Muryar ta ce, "A dawo min da hotona, in fita."

Goni ya juya ga Gloria ya tambaye ta ko hakan zai yiwu. Gloria ta girgiza kai. Ta ce za ta goge nata, za a goge na Munawwara, za ta roƙi duk wanda ta sani. Amma abin da ya riga ya bazu babu mai iya tattaro shi.

Goni ya ce wa muryar, "Kin ji. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannunmu ba."

Jikin yarinyar ya fara jijjiga, wani nishi mai tsawo ya fito, kwanon ɗakin baya ya yi ƙara kamar an taka shi. Goni ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. A nan ne Madu ya matso, da jan gwiwa, har gefen buzun.

Ya ce, "Goni, a ba ni izini in yi magana da ita."

Goni ya dube shi, ya gyaɗa kai.

Madu ya ce, "Baiwar Allah, ke kin ga hoton?"

"Ba na kallon abin kunyata."

"Ni na gani. Aikina ke nan tun ina saurayi. Furfurar taki ce, hannun naki ne. Amma fuskar ba taki ba ce. Wayar ba ta ga fuskarki ba, duhu ya yi yawa. Inuwa ta samu, ta lalubo irin fuskokin da ta saba gani ta liƙa miki, yarinyar nan kuma ta ƙara gogewa. Fuskar da suke kallo ta yarinya ce 'yar shekara ashirin, wadda ba a taɓa haifa ba. Babu wanda ya ga fuskarki. Na rantse da wanda ya halicce ni ya halicce ki."

Daga nesa ana jin ƙarar keke napep a babban titi.

Muryar ta ce, "Ba ta da tsagar gado a kumatu?"

"Babu ko ɗaya."

"Ba ta da ido ɗaya da ya shanye?"

"Idonta biyu garau."

Wani sauti ya fito daga ƙarƙashin mayafin, tsakanin dariya da kuka. "Duk wannan rashin barci, a kan wata ce daban."

Gloria ta share ido ta ce, cikin tsoro, idan aka yarda za ta rubuta a ko'ina cewa hoton haɗi ne, gyara ne aka yi. Mutane in suka ji haka sukan daina turawa, su koma wani abu. Goni ya tambayi Madu ko wannan ƙarya ce. Madu ya ce ba ƙarya ba ce, haɗi ne. Muryar ta ce ta yarda. Sannan ta yi ƙasa sosai, ta roƙi abu guda, a bar ta ta koma ɗakin, a mayar da kwaɗo, ba za a sake jin ko tarinsu ba.

Madu ya buɗe baki zai ce ya amince. Ya Hussainatu ta riga shi.

Ta ce, "A'a. Ki yi haƙuri. Na ji tausayinki, Allah ya sani. Amma kin san hanyar shiga jikin 'yata yanzu. Ba zan iya kwana gida ɗaya da ke ba."

Goni ya ce, "Gaskiyar uwa ce. An riga an ga juna. Zama ba zai yi daɗi ba."

"To ina zan je, Malam? Faɗa min. Yaron ba zai iya wata doguwar tafiya ta neman wuri ba."

Goni Yunus ya ɗauki dunƙulen lakar da ke gefen buzunsa yana juya shi.

Ya ce, "Tsamiyar da kike faɗa, ba ita ce ta kusa da mashayar shanu ba, wadda reshenta ɗaya ya kwanto kan hanya?"

"Ita ce."

"A ƙarƙashinta na haddace izu goma na farko. Idan kika wuce inda take, kika bi gabas, akwai gida mai ɗaki biyu da rumbu a baya. Na ji an ce rufin ɗaya ya rufta. Ɗayan na ƙurya yana nan, ba shi da taga. Babu kowa a ƙauyen, babu fitila ko ɗaya. Gidana ne. Na ba ki aro."

"In ka dawo fa?"

"In na dawo zan yi sallama."

Muryar ta yi masa addu'a da wasu tsofaffin kalmomin Kanuri da Madu bai sake ji ba tun rasuwar kakarsa. Goni ya sa ta yi alkawari da sunan Allah cewa ba za ta dawo ga yarinyar ba, ba kuma za ta taɓa wani ɗan Adam ba. Ta yi. Ta ce a gaya wa yarinyar ta yafe mata, ita ma ta yafe. Munawwara ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, ƙafarta ta hagu ta miƙe ta yi rawa, sai jikinta ya saki ta faɗa kan cinyar uwarta. A daidai lokacin ƙofar gida, wadda ke rufe, ta yi 'yar ƙara kamar an jingina da ita an wuce. Ladan ya kira isha'i.

Munawwara ta buɗe ido ta dubi uwarta ta ce, "Ya, ƙishi nake ji."

Ta daɗe kafin ta murmure. Da ta samu ƙarfi ita da kanta ta rubuta cewa hoton gyara ne, ta roƙi a goge. Wasu suka zage ta da neman suna, wasu suka goge, yawanci ma sun riga sun manta. Ta koma aiki domin gida na buƙata, amma ta rage yawan magana. Goni ya ce kada a sake barin ɗakin a rufe, don haka Madu ya kira magini aka fasa bulon tagar. Da rana ta shiga, sai ya ga ashe ɗakin ƙarami ne ƙwarai, bangonsa kore, launin da shi kansa ya manta ya taɓa shafawa. Ƙura ta rufe komai, ban da kusurwa ɗaya da ke share tas.

Bayan kwanaki Goni ya biyo ya duba yarinyar. Ya same ta tana tankaɗe, ya yi mata addu'a, ya sha ruwa, ya tashi. Madu ya raka shi har bakin titi, suna tafiya a hankali saboda ƙafafunsa. Suka tsaya jiran abin hawa.

Madu ya ce, "Goni, gidan nan da ka ba ta. Kana ganin yana nan kuwa?"

Goni ya ce, "Yana nan lokacin da na baro shi. Bayan haka labari kawai nake ji, shi ma ya daɗe da yankewa."

"Kana sa ran komawa?"

Goni ya dubi titi. Ya ce da suka fito da asuba suka fito, da abin da ke jikinsu, matarsa ta rasu a shekara ta biyu a nan garin, 'ya'yansa kuma sun saba da birni. Wani lokaci yakan kwanta ya yi ƙoƙarin tuna ko ƙofar gidan gabas take kallo ko kudu, sai ya kasa.

Ya ce, "Ko hotonsa ba ni da shi. Ba a taɓa kawo mai hoto ƙauyenmu ba." Ya ɗaga hannu ya tsayar da keke, ya tattara rigarsa. "Amma yanzu aƙalla akwai mai share shi."